Yaɓen Da Na Yi Wa Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina ɗaya bayan ɗaya, da wata Asabar da na tsaya gaban dangin matar da nake nema a Maradun, gabana kwamfutar aro, ina roƙon Allah a zuci ko janareto ya mutu ko ni in sume. Babu wanda ya faru. Janareton ma ranar lafiyarsa ƙalau, kamar an ɗauko shi haya ne musamman don ya tona mini asiri.

Ni mutumin Talata Mafara ne. Ina da ɗan shago inda nake tsara katin biki da fosta da takardun shaidar sauka, kuma da shi nake ci. Amma abin da nake taƙama da shi daban ne: gini a cikin kwamfuta. Irin ginin nan da za ka buɗe a waya ka shiga ciki, ka juya dama ka juya hagu, ka leƙa ɗaki ka fito, kamar wasannin da samari ke bugawa. Ba wanda ya koya mini a aji. Bidiyo na yi ta kallo har na iya, kuma tun da na iya na fara tafiya a gari kamar wanda ya gina madatsar ruwan Bakolori da hannunsa. (A lokacin, in ka tambaye ni sana'ata, ba na cewa mai buga kati. Sai in gyara wuyan riga in ce injiniyan duniyar kwamfuta. Allah Ya yafe mana.)

Don ka fahimci abin da ya same ni, sai na ɗan bayyana maka yadda aikin yake. Da farko kana tayar da gangar ginin ne, tsirara, launin toka, kamar an jera kwalaye. Bayan nan sai ka lulluɓe shi da hotuna: hoton jar ƙasa a bango, hoton katako a ƙofa, hoton kwano a rufi. Hotunan nan su ke sa ido ya yarda cewa gida yake gani. Masu aikin suna da sunan da suke kiransu da Turanci, ni dai yaɓe nake ce musu, don aikinsu ɗaya da na mai yaɓe.

Yarinyar da nake nema sunanta Sa'adatu. Malama ce a Islamiyyar mahaifinta, kuma mun haɗu ne da ta kawo aikin takardun shaidar ɗalibanta shagona. Manya sun kai gaisuwa, an karɓa, amma an ƙi sa rana. Dalili kuwa mahaifinta, Malam Haruna, mutum ne mai ilimi da kwarjini, wanda in ya yi shiru ya fi maganar wani tsoratarwa. An ce da aka gaya masa cewa ina gini a cikin kwamfuta, sai ya ce, "To, in ruwa ya sauko, cikin kwamfutar za su kwana?" Wannan tambayar ta zauna mini a ƙirji kamar lomar tuwon da bai nuna ba.

Ana haka sai dama ta zo. Tsohon gidansu na gado, wanda mahaifin Malam ya gina da ƙasa ya kuma karantar a zaurensa har ya rasu, damina ta cinye shi. Zauren ya rufta, katanga ta zube, dangi suka haɗa ƙarfi suka sake ginin da bulo, suka ƙara azuzuwa. Za a yi walimar buɗewa, 'yan uwa za su zo daga Sakkwato da Gusau da Kaduna. Yayan Sa'adatu, Murtala, wanda tun farko yake bayana, ya same ni a shago ya ce, "Ga inda za ka wanke kanka. Malam bai ce komi ba, amma rushewar zaurenga ta taɓa shi ƙwarai. Ka tayar muna da tsohon gidan cikin na'urarka, shi da unguwar baki ɗaya, a nuna ranar walima, kowa kuma shi samu a wayarshi."

Ban bari ya rufe baki ba na ce an gama.

Na zauna da shi da Sa'adatu suna kwatanta mini, ina zanawa. Ga zaure, ga turakar Malam, ga rumbuna, ga ɗan masallaci, ga gidajen maƙwabta har zuwa bakin rijiya. Gangar ginin ta tashi lafiya. Da aka zo yaɓe sai son burgewa ya kama ni. Kowane bango na ba shi hotonsa na kansa, babba, mai nauyi, wanda ko tururuwa ce ta bi ta kai za ka ƙirga ƙafafunta. Har bayan rumbu, inda ba mai leƙawa, sai da na yi masa hoton alfarma. Na tura wa Murtala da Sa'adatu su gwada.

Can sai ga kiransa. "Kai, mi ka turo man? Datata ta ƙare, abin bai buɗe ba, wayar kuma ta yi zafi awa dutsen guga." Ta Sa'adatu kuwa ɗif ta ɗauke, sai da aka kai ta wurin mai gyara. (Ka ga mafarin soyayya mai ƙarfi: ban aure ta ba tukuna, na fara kashe mata kaya.)

Da na rasa yadda zan yi, na kira Shamsu, abokina tun makaranta, wanda yake Kaduna yana aikin haɗa wasannin waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya son ransa.

"Kai wayar mutane ka mayar jakin Kano? Kowane hoto da ka sa, sai waya ta ɗauke shi ta riƙe a kanta. Ka ɗora mata hotuna fiye da ƙarfinta, dole ta durƙushe. Ai ba haka ake yi ba. Faifai ɗaya za ka yi, wato babban hoto guda, ka yanka shi gida-gida: nan bangon ƙasa, nan ƙofa, nan azara, nan kwano, nan taga. Duk gidajen unguwar su ci daga faifan nan. Waya ta ɗauka sau ɗaya, ta huta."

Na ce, "Ai sai gidajen su zama iri ɗaya kamar 'yan makaranta."

"Shi ya sa ake juyawa. Wani bangon ka kifa hoton, wani ka mayar da damansa hagu, wani ka ɗan sa masa duhu, wani haske. Abin da ba a gani kuma ka rage masa girma. Amma ka ji ni da kyau, ka nemo bango mai tsabta, wanda ba shi da wata alama da ido zai riƙe, don duk abin da ke jikinsa sai ya fito a kowane gida. In ka gama kuma ka sauka ƙasa ka bi lungu-lungu da ƙafa, ka duba kamar baƙo."

Na ce masa na ji. Rabin farko na ji, wanda ya yi mini daɗi. Rabin ƙarshe ya bi iska.

Yanzu sai neman bango. A Mafara duk inda na duba, ko an shafe da siminti ko 'yan siyasa sun manne shi da fuskokinsu. Sai na tuna wata doguwar katangar ƙasa a Bakura, bayan tasha, da nake wucewa in na je gaida gwaggona. Na hau babur na tafi. Na isa rana tsaka, haske na kashe ido, na tsaya daga tsallaken hanya na ɗauki hoton. Jar ƙasa ce mai kyau, ruwan shekaru ya yi mata zane-zane, ga wasu 'yan dabbare-dabbare masu duhu a tsakiya da na ɗauka sawun ruwa ne. Har na yaba musu a raina. Na sha fura wurin gwaggo, na juyo tun rana ba ta yi sanyi ba.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Faifai ɗaya ya yaɓe unguwa guda. Abin da da ya ƙi buɗewa a babbar wayar Murtala, yanzu a ƙaramar wayar mai shayin ƙofar shagona ma gudu yake. Sai dai tsohuwar kwamfutata ba ta da ƙarfi, gilashinta ya dushe, kuma don kada ta tsaya mini, kullum a mafi ƙarancin kyau nake kallon aikin, komai dishi-dishi. Kuma daga sama nake dubawa, ina shawagi kan rufin gidaje kamar shirwa, don daga can ne abin ya fi burge ni. Shamsu ya sake kira ya ce, "Ka taka da ƙafa?" Na ce zan taka.

Da safen ranar walima wani tunani ya zo mini, wanda na tabbata ba daga mala'ika ya fito ba. Na ga bangon ya ɗan yi fari-fari, sai na ƙara wa hoton kaifi da duhu don tsagogin ƙasar su fito sosai. Dannawa biyu. Ban ko duba ba na kwafe, na sa babbar rigar da na aro wurin yayana, na kama hanyar Maradun.

Bayan La'asar aka taru a babban aji na sabon ginin. An toshe tagogi da tabarmi don majigi ya fito. Maza a gaba, mata a baya, tsakani an bar 'yar hanya. Malam Haruna na zaune kan kujera a sahun farko, an sa masa matashi mai laushi. Kusa da shi ƙanen mahaifinsa ne, Bappa Isa, tsoho mai raha wanda kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa duk maganar da zai yi sai an ji ta a bakin kasuwa. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci: lahiya, ya hanya, ya iyali, ya muka ji da ruwa, ni dai ina durƙushe ina amsawa har gwiwata ta sage. Murtala ya ba ni sabuwar kwamfutarsa ya ce ta fi tawa. Na ji daɗi, na ɗaga kyawun hoto har ƙarshe. (In da akwai wanda ya riƙe mini hannu a daidai nan, da na ba shi shagona kyauta.)

Aka yi addu'a, na kunna.

Na fara daga sama, yadda na saba. Unguwar ta bayyana a jikin bango, rufi-rufi, ga rumbuna, ga rijiya, ga bishiyar da ke ƙofar gida. Ajin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Wayyo, ga ɗakin Inna!" Na ji ana sheshsheƙa. Na saci kallon Malam, na ga ya gyara zama ya ɗan sunkuyo gaba. A raina na ce, yau sai sa rana. Har na fara tunanin kalar shaddar da zan ɗinka.

Sai Malam ya yi magana, karo na farko da ya taɓa yi mini magana kai tsaye ba amsa gaisuwa ba.

"Ana iya sauka ƙasa?"

"Ana iyawa, Allah shi gafarta Malam."

"To kai ni ƙohwar zauren mahaihina."

Na sauko a bakin rijiya na fara tafiya cikin lungu. Bango na dama ya matso kusa, sai na ga dabbare-dabbaren nan sun yi baƙi, sun yi tsari, wasu a miƙe wasu a lanƙwashe. A wannan bangon hoton a kife yake. Ban dai gane ba. Bappa Isa ya nuna da sandarsa ya ce da ƙarfi, "Kai, wanga yaro ya iya! Har da zayyana ya yi muna. Da can babu ta, amma ta yi kyau!" Aka yi 'yar dariya. Na yi murmushin da ban san dalilinsa ba, na ci gaba. Bango na gaba damansa ne a hagu, shi ma ba ya karantuwa, sai dai yanzu na fara ganin kamar haruffa ne.

Na sha kwana, ga zauren. Shi kam, don girmamawa, ban kifa masa hoto ba, ban juya ba. Na sa masa shi daidai yadda na ɗauko, na kuma ba shi haske fiye da kowane gini. A saman ƙofar da malamai suka yi shekaru suna shiga da sunkuyawa, ga rubutu nan ɓaro-ɓaro, kowane harafi ya kai girman kan mutum a jikin majigi.

Ni na karanta. Murtala ya karanta, na ji ya ja numfashi. Duk wanda ya yi boko a wurin ya karanta ya sunkuyar da kai. Da an bar shi haka, wataƙila da na wuce da sauri an yi kamar ba a gani ba, don mutanenmu sun iya rufa asiri. Amma Bappa Isa, wanda bai daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba kuma yake ɗokin a san ya iya, ya miƙe tsaye, ya kanne ido, ya fara haɗa baƙi da murya mai cika aji:

"Ma... ga... nin. Maganin! Ba... sir. Maganin basir! Sa... hi... hi. Ko ya... yi... tsiro." Ya juyo yana fara'a. "Na karanta daidai ko?"



Abin da mai hankali zai yi a nan shi ne ya rufe kwamfuta. Ni sai na gudu. Wato na gudu a cikin hoton. Na juya da sauri don in kawar da idon jama'a, sai ga katangar maƙwabci, maganin basir. Na kutsa cikin zaure, bango huɗu, maganin basir sau huɗu. Na fita tsakar gida, rumbuna sun kewaye ni, kowanne da tallarsa a zagaye da cikinsa kamar ɗamara. Na faɗa turakar Malam, a daidai saman shimfiɗarsa, ga shi nan. Faifai ɗaya, unguwa guda, kamar yadda Shamsu ya koya mini. Tsimin da na yi alfahari da shi bai bar gida ko ɗaya ba. (Masallaci kaɗai ya tsira, don farin fenti na sa masa. Har gobe in na tuna ina yin hamdala, don ba don haka ba, da yanzu wani labarin ake, ba wannan ba.)

Bappa kuwa bin hoton yake da sanda yana sanarwa: "Ga shi nan kuma! Nan ma akwai! Kai, mai maganinga ya yi ƙoƙari!"

Daga bayan aji wata ta kasa riƙewa, dariya ta kuɓuce mata ta hanci, sai sahun mata ya ɗauka, ana toshe baki da mayafi. Na nemi maɓallin fita, kwamfutar ba tawa ba ce, na danna wani abu sai hoton ya ƙara matsowa har kalma ɗaya ta cika bango. Ba sai na faɗa maka wace kalma ba ce. A ƙarshe na sunkuya na fizge waya daga soket, ashe ta fanka ce. Fanka ta tsaya, rubutu na nan. Murtala ne ya taso ya tsaya gaban majigin da jikinsa, kalmar ta koma kan farar rigarsa.

Malam kuwa tashi ya yi. Ya dafa kujera ya miƙe a hankali, ya ɗauki matashinsa da kansa, ya fita. Yadda aka yi na isa Mafara ranar, ban sani ba. Na dai san na bar takalmina ƙafa ɗaya a ƙofar ajin, na taho da na wani.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, ashe da saura. Washegari Sa'adatu ta kira. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Ya gaya mini me?"

Ta ce da muryar wadda ta yi kuka, "Watan jiya da anka ce Malam ya tahi Sakkwato duba ciwon baya, ba baya ba ne. Aiki anka yi mai. Na wannan abin. Mu 'yan cikin gida kaɗai munka sani. Yanzu kowa na kallona, ana cewa ni na kwashe sirrin mahaihina na kai ma saurayi, shi kuma ya yi muna ba'a gaban dangi."

Na zauna a ƙasan shago. Sai a lokacin matashin nan mai laushi ya faɗo mini a rai. Na rantse mata da duk rantsuwar da na sani cewa katangar Bakura ce, ta ce ita ta yarda, amma ba ita ce ke sa rana ba.

Na yi kwanaki ban buɗe shago ba. Ko masallaci sai an tayar nake shiga, ana sallamewa in fice, don gani nake labarin ya riga ya iso Mafara. (Ya iso ɗin. Mai shayi ya daina ce mini injiniya, ya koma ce mini likita.) Na yi niyyar in tura wa Murtala saƙo cewa na janye, in huta. Mahaifina ne ya hana. Ya ce, "Kunyarka taka ce, ka sha abarka. Amma yarinyar mutane da ake zargi fa? Tashi ka je ka wanke ta, in ya so su kore ka."

Na je. Na sami Malam a sabon zaure bayan ya sallami ɗalibai, Murtala na gefe. Na durƙusa tun daga ƙofa, na gaishe shi, ya amsa duka ba tare da ya rage ko ɗaya ba, abin da ya ƙara tsorata ni. Na yi bayani tun daga wayar da ta yi zafi har zuwa katangar bayan tasha. Na ce Sa'adatu ba ta taɓa gaya mini komai ba. Na ce an gargaɗe ni in duba, gaggawa da son a yaba mini suka hana. Ina magana ina kallon tabarma.

Ya bar ni na gama. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na san ɗiyata. Ban zarge ta ba. Kai ma ban zarge ka da mugunta ba, don mugu ya hi ka dabara."

Na ce, "Haka ne, Allah shi gafarta Malam."

"Abu biyu na gani cikin aikinka da ba daidai ba. Na ɗaya, alkukin zauren ba hagu yake ba, dama yake, inda mahaihina ka aje fitila. Na biyu," ya ɗan dakata, fuskarsa ba alamar wasa, "ka yi ma mutum talla unguwa guda, amma lambar wayarshi ka yanke ta rabi. In mutum na da buƙata, ya za shi yi?"

Murtala ya kifa kai cikin gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ni ban san ko dariya ake so in yi ko kuka ba, sai na ce, "Za a gyara." Sai a nan na ga gefen gemun Malam ya motsa.

Da na tashi tafiya ya kira ni. Muryarsa ta sauya. Ya ce tun da zauren ya faɗi bai ƙara ganinsa ba ko a mafarki, sai ranar nan, kafin rubutun ya fito. Ya ce in wanke bangon in dawo da shi, yana son ya shiga shi kaɗai, ba taro.

Na koma Bakura neman wuri mai tsabta a jikin katangar. Wannan karon na tsallaka hanya na je gab da ita. Ga rubutun nan kuwa, tsohon fenti da aka shafe da ƙasa, ruwa ya ɗan wanke. Na tsaya na ƙura masa ido, ina bin haruffan da yatsa, ina mamakin yadda na makance. Ban ankara ba sai na ji an dafa kafaɗata. Wani dattijo ne da kwandon albasa a kan keke. Ya rage murya cikin tausayi ya ce, "Ɗana, bar jin kunya, ciwo na kowa ne. Mai wanga ya tashi tuni, amma akwai wani a Jangebe, hannunshi na da kyau." Na buɗe baki in yi bayani, na ga bayanin ya fi ciwon tsawo. Na ce na gode, Allah Ya saka.

Na gyara aikin. Na bi shi lungu-lungu da ƙafa, na leƙa har bayan rumbu, na sa Shamsu ya bi, na sa Sa'adatu ta bi. Malam ya shiga zauren mahaifinsa a wayar Murtala, ya daɗe a ciki. Bayan sallar layya aka sa rana. Yau Sa'adatu na ɗakina, kuma in muka yi saɓani ba ta ɗaga murya, sai dai ta fara haɗa baƙi a hankali, "Ma... ga...", in ce ta yi haƙuri ni ne da laifi.

Har yanzu faifai ɗaya nake yi wa unguwa, don dabarar ba ta da laifi, wayoyin mutanenmu ma sun fi sonta. Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka raba wa gidaje da yawa, ka tsaya ka karanta shi tun yana guda ɗaya a hannunka, don kuskure ma ba ya cin data, ko'ina zai shiga a sauƙaƙe. Kuma in za ka yi wa surukinka bajinta, fara gwadawa a gaban wanda in ya yi maka dariya za ka iya ramawa.